Kalmomi a Bayan Rasit

Ƙarfe sha ɗaya na dare muke kashe tukunyar mai.
Na wanke hannu sau uku, ƙaurin suya ya ƙi fita,
haka nan nake buɗe littafin,
har shafi na arba'in ya ɗauki tabon babban yatsana.

Malama Halvorsen ce ta ara min, a ajin dare na ɗakin karatu.
Ta ce, “Florinda, karanta abin da kika riga kika sani,
kalmomin za su zo da ƙafarsu.”
Ba su zo da ƙafarsu ba.
Ɗaya bayan ɗaya nake jawo su,
kamar mai jan guga da ruɓaɓɓiyar igiya.

A bayan rasit nake tara su:
Turanci a hagu, Sifaniyanci a dama,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, harshen kakata na tsaunukan Guatemala,
in yana da kalmar. Sau tari ba shi da ita.
Tsohuwar ba ta taɓa neman suna ba
ga ƙwallon nama guda da aka niƙa daga shanu barkatai.

Na koyi kalmar aron sunan kamfani,
sai na gane mai shagonmu ma ɗan haya ne,
har launin hularsa ba nasa ba.
Na koyi kalmar ɗanɗanon da ake haɗawa a kwalba
a wani gini inda ba a taɓa ɗora tukunya ba.
Washegari na ɗauki sililin dankali, na tauna a hankali,
ina laluben inda gona ta ƙare, kwalba ta fara.

Babi na bakwai na mayanka ne.
Yayana Wilmer yana aiki a irinta, nan bakin gari,
wuƙa a hannu tun asuba,
sarƙa tana miƙo masa shanu, ba ta san gajiya ba.
Ashe akwai suna ga ciwon da ke hana shi ɓalla maɓallin riga.
Dogo ne, sai da na huta a tsakiyarsa.
Na buga masa waya, na karanta masa.
Ya yi shiru.
Ya ce, “Rubuta min da manyan baƙaƙe, in kai wa likita.”

Wadda ta maƙale min a wuya kuwa gajera ce.
Ƙamus ya ce: wanda bai iya komai ba,
wanda ake koya wa aiki da hantsi, ya gama sani kafin azahar.
Littafin ya ce da ita ake lissafa irinmu.
Ni da kunnena ke jin dankali ya soyu kafin ƙararrawa ta yi kuka,
ni da ke naɗe burodi shida
tsakanin lasifika da tagar da mota ke tsayawa,
ƙanƙarar Nebraska tana shigo min ta hannun riga.
Na rubuta ta duk da haka.
Kalma kamar wuƙar Wilmer ce, gara ka san inda kaifinta yake.

Ɗana Anibal, mai shekara tara, shi ke gyara min harshe.
“Ba haka ba, Mama, sa shi tsakanin haƙora.”
Na sa, ya fashe da dariya, na sake sawa.

Jiya manaja ya tarar da ni bayan firji da littafin.
Yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba.
Ya ce, “Me ya ce a kanmu?”
Na zaro rasit, na karanta masa kalmar
masu zuwa su tafi kafin a riƙe sunansu.
Ban yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.
Ya sosa ƙeya.
Shi ne na biyar da na gani a shekara huɗu,
kuma ni na nuna masa inda ake kunna tukunyar mai.